Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin gudanarwar asibitinmu game da gwajin jinin jarirai bakwaini

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ranku ya daɗe, shugaba da mambobin kwamiti, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kula da sabbin jarirai, na daɗe ina aiki a gaban kwalaben da ake renon bakwaini a cikinsu. Na rubuta wannan wasiƙa ne da yawun abokan aikina na sashen, da wasu daga cikin ungozomomin ɗakin haihuwa, da kuma iyaye mata da suke kwana a zaune suna jiran a ce musu ɗansu ya wayi gari lafiya. Da gangan na ƙi ambaton sunan asibitin, domin ba tozarta kowa nake nufi ba, kuma na san ana yanke irin wannan shawara a wurare da yawa, ta yiwu abin da zan faɗa ya amfani wasu.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sanarwar da kuka aiko mana, mai ɗauke da umarni uku: a yi wa kowane jariri gwajin CRP, wato awon sinadarin da ke hawa a jini idan akwai kumburi a jiki, sau ɗaya tak, ranar da aka kwantar da shi, kada a maimaita sai da sa hannun babban likita, a daina aika mabiyiya ɗakin gwaje-gwaje, sannan sikanin kan jariri ya tsaya ga wanda ya nuna alamar ciwo a fili. Dalilin da kuka bayar shi ne rage kashe kuɗi, kuma ba na raina wannan dalili, domin mu ma muna ganin yadda kaya ke yankewa. Sai dai waɗanda umarnin zai fi faɗawa a kansu su ne jariran da ƙwayar cuta ta riga ta same su tun suna ciki, kuma a ganinmu ba a auna halin da suke ciki ba kafin a sa hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran jariri bakwaini idan an haife shi kafin ciki ya cika makonni 37, kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowane goma. Masu bincike sun daɗe da gano cewa ƙwayar cuta da ta shiga mahaifa tana da hannu a kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari na haihuwar bakwaini, kuma gwargwadon ƙarancin makonnin cikin, gwargwadon yawan samun ta. Yawanci ƙwayar takan hau ne daga farji ta bi ta bakin mahaifa, ta kama tantanin faya, ta shiga ruwan da jaririn ke ciki, ruwan da yake haɗiya kuma yake shaƙa. Jikin uwa ya tashi yaƙi da ita, sinadaran yaƙin nan su tayar da naƙuda ko su raunana faya ta fashe kafin lokaci. Wani lokaci jikin jaririn shi ma yakan shiga yaƙin, to a nan ne damuwarmu take. A shekarar 1998 Ricardo Gomez da Roberto Romero da abokan aikinsu a Amurka suka bayyana wannan yanayi, inda suka nuna cewa ɗan tayin da sinadarin intalukin-6, ɗaya daga cikin sinadaran yaƙin nan, ya haura fikogiram 11 a kowace mililita ta jininsa ya fi fuskantar munanan matsaloli bayan haihuwa. Ma'anar wannan a wurinmu masu jinya ita ce, jariri yana iya isowa hannunmu da kumburi yana ci a jikinsa tun kwanaki kafin ya ga hasken duniya, ko da ba a taɓa samun ƙwayar cutar a jininsa ba.

Kokenmu na farko, kuma mafi nauyi, shi ne batun gwaji sau ɗaya. Hanta ce ke ƙera CRP, kuma ba ta farawa sai intalukin-6 ya kai mata saƙo. Yakan ɗauki sa'o'i 6 zuwa 8 kafin ya fara tashi a jini, ba ya kai ƙololuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu, kuma hantar bakwaini ta fi ta cikakken jariri sanyin amsawa. Saboda haka jinin da aka ɗiba sa'a ɗaya ko biyu bayan haihuwa yana iya fitowa ƙasa da miligiram 10 a lita, iyakar da aka saba ɗauka a matsayin lafiya, alhali cuta tana nan tana yaɗuwa. Haka kuma yana iya hawa ba tare da ƙwayar cuta ba, saboda wahalar naƙuda, ko shaƙar kashin farko, ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Amfanin gwajin yana cikin kwatanta na jiya da na yau. Abin da ya sa ke nan ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a auna CRP lokacin fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sake aunawa bayan sa'o'i 18 zuwa 24, sannan a sa'a ta 36 a zauna a duba ko za a dakatar da maganin, idan jinin da aka shuka a ɗakin gwaje-gwaje don a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro bai tsirar da komai ba, jaririn yana cikin hali mai kyau, sakamakon CRP kuma bai nuna hawa ba. Umarninku ya bar mana awo na farko, wanda shi ne mafi rauni, ya ɗauke na biyu, wanda shi ne ake yanke hukunci da shi. Da a ce dole sai ɗaya za a zaɓa, da yawancinmu na biyun za mu zaɓa.

Ba zan manta da wata jaririya da aka kawo mana a makonni 33 ba. Numfashinta daidai, jikinta da ɗumi, CRP na farko bai nuna komai ba, don haka ba a fara mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. A dare na biyu ta fara ɗauke numfashi, launin fatarta ya dusashe, ta ƙi karɓar nonon da ake ba ta ta bututu. Da aka sake ɗibar jini, CRP ya yi sama ƙwarai. Sai da gari ya waye, ina hira da mahaifiyarta a kan gado, take gaya mini cewa ruwa ya kwana biyu yana zubo mata kafin naƙuda, kuma ta yi zazzaɓi a daren haihuwar. Duk wannan yana rubuce a fayil ɗinta, amma fayil ɗin bai biyo jaririyar ba. Allah ya sa ta rayu. A lokacin nan ba ma buƙatar izinin kowa kafin a maimaita gwaji. Yau da za mu jira sa hannun da ba a cika samun mai yin sa da ƙarfe uku na dare ba.

Wannan labari ya haɗa da koke na biyu, wanda laifinsa bai tsaya a kanku kaɗai ba, mu ma'aikata muna da namu kason. Tarihin uwa shi ne gwaji na farko da ake yi wa jariri, kuma ba ya cin ko sisi. Fashewar faya fiye da sa'o'i 18 kafin haihuwa, zazzaɓin da ya kai digiri 38, ruwan faya mai wari, ciwo idan an taɓa mahaifa, bugun zuciyar ɗan tayi da ya yi sauri, naƙudar da ta taso da kanta ba tare da wani dalili ba, duk suna sauya yadda za a karanta sakamakon jini. Jaririn da aka ciro ta hanyar tiyata saboda hawan jinin mahaifiyarsa, ba naƙuda, faya ba ta fashe ba, haɗarin kamuwarsa kaɗan ne, kuma sau da yawa ana iya sa masa ido ba tare da magani ba. Takwaransa mai nauyi iri ɗaya wanda faya ta fashe kwana uku kafin zuwansa labarinsa daban ne. A yanzu dukansu biyu suna iso mana da 'yar takarda mai ɗauke da nauyi da lokacin haihuwa kawai.

Koke na uku shi ne abin da hana maimaita gwaji ke jawowa ta ɗaya ɓangaren. Likitan da ba shi da hujjar dakatar da magani, tsoro zai sa ya ci gaba da shi, kuma tun fitowar sanarwar mun ga jariran da suke shan nono lafiya lau suna kai kwana bakwai ana ɗura musu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, amfisilin da jentamaisin. A shekarar 2009 Michael Cotten da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan jariran da nauyinsu bai wuce kilo ɗaya ba, waɗanda jininsu bai tsirar da ƙwayar cuta ba, suka ga cewa waɗanda aka ci gaba da ba su maganin kwana biyar ko fiye sun fi kamuwa da ruɓewar hanji, sun kuma fi mutuwa. Maganin yana kashe ƙwayoyin kirki da ya kamata su fara zama a hanjin jariri, jentamaisin yana iya taɓa ƙoda da ji, kowace allurar jijiya da aka sake sakawa ƙofa ce ga sabuwar cuta, gadon kuma yana riƙe alhali wani jariri yana jira. Idan aka haɗa kuɗin magani da sirinji da kwanakin gado, za a ga an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Sai maganar mabiyiya. Na yarda cewa sakamakonta ba ya fitowa da wuri, don haka ba ya taimaka wa likita a daren farko, kuma ina jin wannan ne ya sa aka ga kamar ɓarnar kuɗi ce. Amma ita ce kaɗai shaidar abin da ya faru a ciki. Mata da yawa da tantanin fayarsu ya kumbura ba sa yin zazzaɓi ko kaɗan, sai a ƙarƙashin madubin likita ake gani. Wasu ƙwayoyin, irin su Ureaplasma da ake yawan samu a ruwan fayar bakwaini, ba sa tsirowa a gwajin shuka da aka saba yi, kuma amfisilin ba ya kama su domin ba su da bangon da maganin ke rushewa. Mai duba mabiyiya yana bambance abu biyu: fararen ƙwayoyin jini a tantanin faya, alamar jikin uwa ne ya yi yaƙi, da fararen ƙwayoyin jini a bangon jijiyoyin igiyar cibiya, alamar jaririn da kansa ya shiga yaƙin. Masana sun daidaita yadda ake bayyana waɗannan matakai a ƙa'idar Amstadam da aka wallafa a 2016. Na biyun, wato na igiyar cibiya, shi ne yake gaya mana wane jariri ne za a fi sa wa ido a makonnin da ke tafe, kuma shi ne amsar uwar da ke tambaya, cikin kuka, ko wani abu ta yi da ya sa ɗanta ya zo da wuri. Likitan da zai kula da cikinta na gaba ma yana buƙatar wannan amsa.

Dalilin sa idon shi ne, kumburin ba ya tsayawa a jini. Ƙwaƙwalwa ce ta fi ba mu tsoro. Tsakanin makonni 23 zuwa 32 na ciki, ƙwayoyin da za su lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da kitse, kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki, ba su gama nuna ba, kuma sinadaran kumburi da ƙarancin iskar oksijin suna kashe su cikin sauƙi. Lahanin yakan faɗa a farin sashen da ke kewaye da ramukan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa, daidai inda jijiyoyin da ke sarrafa ƙafafu suke wucewa, shi ya sa irin waɗannan yara sukan taso da sandarewar ƙafafu. A shekarar 2000 Yvonne Wu da John Colford sun tattara binciken da aka yi kafin su, suka ga cewa a tsakanin bakwaini, kumburin tantanin faya da ya bayyana da alamu a jikin uwa yana tare da kusan ninki biyu na haɗarin shanyewar gaɓoɓi ta dalilin lahanin ƙwaƙwalwa, da kusan ninki uku na haɗarin samun ramuka a farin sashen. Binciken ELGAN, wanda ya bi jarirai fiye da 1,500 da aka haifa kafin makonni 28 a asibitoci 14 na Amurka tsakanin 2002 da 2004, ya auna sinadaran kumburi a jininsu a rana ta 1 da ta 7 da ta 14, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne cewa kumburin da ya daɗe ko ya sake dawowa ya fi alaƙa da matsalar tafiya da ta fahimta daga baya, fiye da hawan rana guda. Nan ma darasin ɗaya ne da na CRP, awo guda ba ya ba da labari.

Abin da ya sa umarninku na uku ya tayar mana da hankali shi ne, wannan lahani ba ya nuna kansa. Jariri mai rauni a farin sashen ƙwaƙwalwa yana iya shan nono, yana ƙara nauyi, a sallame shi kowa yana murna. Zubar jini a ramukan ƙwaƙwalwa yawanci yana faruwa ne a kwanaki ukun farko, sau da yawa ba tare da wata alama ba, ramukan farin sashen kuwa sai bayan makonni suke bayyana a hoto. Sikanin da ake yi ta maɗiga ba ya ciwo, ba ya buƙatar a motsa jariri daga kwalba, kuma 'yan mintuna yake ci. Jira sai jariri ya yi jijjiga ko kansa ya fara girma ihu ne bayan hari.

Huhu yana da nasa abin mamaki. Kristi Watterberg da abokan aikinta sun lura a 1996 cewa jariran da suka fito daga mahaifa mai kumburi sun fi samun sauƙin numfashi a kwanakin farko, kamar kumburin ya gaggauta nunar huhun, amma daga baya sun fi zama masu dogaro da oksijin na tsawon lokaci. Binciken da ya biyo baya bai zo da murya ɗaya a kan girman wannan alaƙa ba, sai dai mu da ke gefen kwalba mun koyi kada kyawun numfashin ranar farko ya ruɗe mu, musamman idan aka ɗora wa huhun injin numfashi da oksijin mai yawa. Hanji yana iya ruɓewa, kuma nonon uwa shi ne babbar kariyarsa. Ƙoda ba ta gama ƙera ƙananan matatunta sai wajen makonni 34 zuwa 36, don haka bakwaini yana ƙarasa wannan aiki ne a hannunmu, cikin kumburi da magunguna masu nauyi. Tantanin bayan ido ma yana cikin haɗari, kuma ana iya ceto gani idan an duba a kan lokaci.

Ina so in faɗi gaskiya a kan iyakar waɗannan gwaje-gwaje, kada a ce mun zuzuta su. Babu wani adadi na CRP ko intalukin-6 ko firokalsitonin, wata alamar kumburi da ake aunawa a jini, da zai ce wannan yaro zai shanye, wancan zai tsira. Jarirai da yawa da alamomin kumburinsu suka hau sun girma lafiya, wasu kuma sun sami lahani jininsu bai nuna komai ba, domin ƙarancin makonni shi kansa babban haɗari ne. Firokalsitonin yana hawa da kansa a kwana ɗaya zuwa biyu na farko ko ga lafiyayyen jariri, sai an karanta shi da jadawalin sa'o'in haihuwa. Intalukin-6 yana tashi da wuri amma yana sauka da wuri, yana da tsada, kuma ba mu roƙe ku shi ba. Ba ma kuma son a riƙa huda jariri ba dalili, domin wanda nauyinsa kilo ɗaya ne duk jinin jikinsa bai fi mililita 100 ba, gwajin shuka kaɗai yana son aƙalla mililita ɗaya, kuma mun sha ganin jaririn da yawan ɗiba ya kai shi ga ƙarin jini. Abin da muke nema kaɗan ne, a lokacin da ya dace.

Saboda haka muna roƙonku da ku janye sharaɗin sa hannu, ku ba likitan da ke bakin aiki ikon maimaita CRP bayan sa'o'i 18 zuwa 24 ga duk bakwainin da aka fara wa magani ko wanda tarihin mahaifiyarsa ya nuna haɗari, ku kuma wajabta zaman duba magani tsakanin sa'a ta 36 da ta 48, a rubuta a fayil dalilin ci gaba ko dalilin dakatarwa. Muna roƙon a samar da takarda guda, shafi ɗaya, da ungozoma za ta cike ta biyo kowane jariri: lokacin fashewar faya, zafin jikin uwa, yanayin ruwan, yadda naƙuda ta fara, da magungunan da aka ba ta. A wannan takarda za a ga ko matar da fayarta ta fashe da wuri ta sami maganin kashe ƙwayoyin cuta na iritiromaisin, wanda binciken ORACLE na 2001 ya nuna amfaninsa, ba na ko-amoksikilab ba, wanda binciken ya danganta da ƙaruwar ruɓewar hanji, da kuma ko an ba ta magnisiyam salfet idan haihuwa ta taso kafin makonni 32, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara domin kare ƙwaƙwalwar jariri.

Idan ba za a iya duba kowace mabiyiya ba, a mayar da dubawar ga haihuwar da ta zo kafin makonni 34 da kuma duk wadda aka yi zargin cuta, bayan an nemi yardar iyaye an yi musu bayani. A duba yiwuwar ɗibar jinin gwajin farko daga igiyar cibiya, kamar yadda wasu asibitoci ke yi, domin a bar wa jaririn nasa. A mayar da sikanin kai ga duk wanda aka haifa kafin makonni 32, sau ɗaya a makon farko zuwa kwana goma, sannan a sake bayan wata guda ko kafin sallama. A sa ranar duba ido wajen makonni huɗu bayan haihuwa ga ƙanana a cikinsu, a gwada ji kafin su tafi, musamman waɗanda suka sha jentamaisin, a kuma ba mu ma'aunin da za mu riƙa auna kunzugu da shi domin lissafin fitsari.

Roƙo na ƙarshe ya shafi bayan sallama, domin ga waɗannan yara tsugune ba ta ƙare ba ranar da aka cire su daga kwalba. A ware rana guda a mako da za a riƙa ganinsu har su kai shekara biyu, a duba riƙon kai da zama da tafiya da ji da gani da magana, a tura mai buƙata wurin masu gasa ƙashi da motsa jiki tun ƙwaƙwalwarsa tana iya koyon sabuwar hanya. A kuma ba iyaye takardar da ta bayyana, cikin harshen da suke ji, abin da aka gani a jini da mabiyiya da hoto, domin duk likitan da ya karɓi yaron nan gaba ya san daga inda aka faro.

Mun shirya tattara fayilolin jariran da aka kwantar kafin sanarwar da bayanta, ba tare da sunaye ba, mu nuna muku kwanakin magani da kwanakin gado na kowane rukuni, ku yi lissafin da kanku. Muna neman ku ba mu lokaci a zamanku na gaba, tare da likitan yara da likitan mata da shugaban ɗakin gwaje-gwaje, kuma kafin ranar muna roƙon a dakatar da aiki da sanarwar a sashenmu.

Allah ya ƙara muku basira, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
ma'aikaciyar jinya a sashen sabbin jarirai, a madadin abokan aikinta da iyayen jariran.